Layi na Goma sha Takwas

Mutanen wannan labari uku ne: Malam Badaruddeen, tsohon malami mazaunin Kuje; ɗansa Zaid, bakanike a Apo; da Dakta Rosemary, malamar tarihi a Gwagwalada.

Malam Badaruddeen ya tsaya a bakin garejin da ɗansa ke aiki, gafaka rungume a ƙirjinsa. A cikinta akwai ijaza, takardar da malami ke rubuta sunan ɗalibi bayan ya sauke littafi a gabansa. Sunaye goma sha bakwai ne a jere, tun daga wani malamin masallacin Sankore na Timbuktu a zamanin daular Songhai. Akwai Buzu, akwai Bafulatani, akwai Babarbare da Balarabe, kowa ya karɓa daga wanda ba yarensu ɗaya ba. Na ƙarshe nasa ne. Likita ya ce idonsa ba zai kai damina ba.

Zaid ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu.

"Wata shida kawai nake roƙo, ka zauna mu karanta," in ji tsohon.

"Baba, wata shida? Oga zai ba wani wurina kafin Juma'a. Ka rubuta sunana mana, wa zai sani?"

"Mutum goma sha bakwai za su sani."

Zaid ya yi dariya, sai ya ga mahaifinsa bai yi ba. Ya sunkuyar da kai. Aka ƙwala masa kira daga ciki, ya ce a gafarce shi, ya koma.

Da la'asar bas ta sauke Malam a Gwagwalada. Shekara uku Dakta Rosemary tana roƙonsa takardar domin a adana ta, yana hanawa. Ita kaɗai ta taɓa tambayarsa labarin Buzun nan na cikin jerin.

Ta karɓa da hannu biyu. "Baba, za mu sa ta cikin gilashi. Babu hannun da zai ƙara taɓa ta."

"Na sani, 'yata. Shi ya sa na daɗe ban kawo ba."

Ta nuna farin wurin da ya rage a ƙasa. "Nan fa, me zan rubuta a katin bayani?"

Ya zaro alƙalamin karan da ya feƙe tun asuba, ya ajiye mata a kan tebur.

"Ki ce wurin ya isa suna ɗaya."

Ya fita da gafaka babu komai ciki, yana lalubar bango.

Ni mai rubuta wannan labari, da furfura na koyi boko. Wanda ya ga kuskure a nan, ya taimaka ya gyara mini.