Turakun Kan Jinga

Duk wanda ya san Haɗejiya a shekarun farko na mulkin kai ya san kogi ba ya yi mata sallama in zai shigo. A gefen gari ta wajen ruwa akwai wata unguwa da ke zaune a kwari, ba abin da ya raba ta da kogin sai jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa da kakanni suka tara. A saman jingar nan kuma hanya take, wadda masu kifi daga Baturiya da masu barkono suke bi zuwa kasuwa.

Wanda aka ɗora wa kula da jingar shi ne Baba Fannami, wani tsohon masunci mai faɗan tsiya, wanda ko tsaki ka yi kusa da jingarsa sai ya tambaye ka dalili. Gidansa ne na ƙarshe, can ƙurya, a manne da gindinta. Kowace shekara kafin damina yakan kira gayya a zuba sabuwar ƙasa, sauran aikin kuma ya bar wa masu wucewa. Ƙafar mutum da kofaton jaki da tayar keke, su ne suke daɓe ta a hankali har ta yi tauri kamar daɓen ɗaki.

Sai ga manyan motoci sun fara biyowa ta kai don yanke hanya. Shekara biyu kacal, Fannami ya ga tsaga a jikin jingar wadda hannunsa ya shige har gwiwa. Kai, ranar nan mai unguwa Shu'ibu bai ci abincin rana da daɗi ba! Tsoho ya yi ta sintiri a zaurensa, yau da gobe, har mai unguwa ya gaji ya samo izini daga hukuma. Aka kafa gumagumai huɗu na giginya a bakin hanyar. Da jaki mai ɗauke da mangala aka auna tsakaninsu: mai ƙafa ya wuce, mai keke ya wuce, jaki ya wuce da kayansa, mota kuwa ta zagaya ta tasha. Saboda turakun nan direbobi suka laƙaba wa Fannami Sarkin Turaku, ya ce ya ji ya karɓa. Mata dai sun huta da jan 'ya'yansu gefe in sun ji ƙugin inji.

A tsakiyar daminar da ta biyo baya ruwa ya taso daga yamma, irin wanda tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga kamarsa ba. Kwana uku Fannami yana zagaya jingar. Ran na huɗu da hantsi, matarsa Bintu ta ƙwala masa kira daga bayan rumbu.

"Malam, zo ka ga wani abu."

Ruwa ne yake tsattsafowa daga gindin jingar zuwa cikin gidansu. Ya durƙusa ya ɗebo a tafin hannu. Da garau yake da sauƙi, amma wannan jajir ne, da ƙasa a cikinsa. Wato kogin ya samu kafa, yana cin jingar ta ciki. Ya ce wa Bintu ta kwashe abin da za ta iya ta hau kan jinga, shi kuma ya nufi gidan mai unguwa da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi.

Ba a yi nawa ba. Kafin rana ta take, ga tipa maƙare da marmara ta tsaya a bakin turaku, hukuma ta aiko a toshe ɓarakar. Direban, wani Umara, ya leƙo ta taga yana danna ham. Tuni samari suka fito da diga da shebur za su tumɓuke gumaguman.

Fannami ya shiga tsakiya ya rungume ɗaya.

"Wallahi ba mai taɓa su."

"Haba Baba!" in ji Umara. "Taimako fa aka aiko ni. Gidanka ne ma a bakin ramin. In shiga in juye in fito, minti goma ya ishe ni."

"Ɗana, jingar nan kwana uku tana shan ruwa. Yanzu cikinta kamar kunu yake. Ka ɗora mata wannan nauyi, daga kai har motar har unguwar sai dai a tsince mu a Baturiya."

Jama'a suka kaure da hayaniya. Wani ya ce tsohon ya fara ruɗewa, wani ya ce girman kai ne, ba ya so a ce turakunsa sun faɗi. Mai unguwa Shu'ibu ya matso ya rage murya.

"Fannami, ka tabbata za ta fashe?"

Nan fa ɗaya. Bai tabbata ba. Wa ya taɓa shiga cikin jinga ya ga abin da ke ciki? Zuciyarsa ce kawai take gaya masa. Ya hango can nesa Bintu tana hawa da tukunya a ka, ruwa yana bin ta a idon sawu. Ya juyo ga mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, ban tabbata ba. Amma in na yi kuskure, gida ɗaya ne, nawa. In su suka yi kuskure, gida ɗari ne."

Mai unguwa ya juya ya ce wa Umara ya juye marmarar nan inda yake.

To, daga turaku zuwa gidan Fannami tafiya ce ta kusan rabin mil. Aka shiga jido. Mata da ƙorai da kwanon sarki, masu jakuna da mangala, masu kifi suka zazzage kwandunansu suka ɗaura buhuna a kariyar keke, wani buhun kuma a rataye a tsakiyar ƙarfe, suna turawa da ƙirji. Masu zuwa suka kama hannun kogi, masu dawowa suka kama hannun gari, ba wanda ya tsara musu. Har Umara, da ya gama zage-zagensa, ya tuɓe riga ya ari keken wani mai barkono ya shiga layi.

Fannami yana bakin ramin, ruwa har cinya, yana karɓa yana dannawa da ƙafa. Amma ina! Kwano ɗaya in ya zuba, kafin na biyu ya iso ruwa ya lashe rabinsa. Duk sanda ya ɗaga kai sai ya ga layin mutane ya yi masa tsawo, tafiyarsu ta yi masa sanyi, ya yi ta daka musu tsawa har muryarsa ta dushe. A bayansa kuwa ruwa yana ta taruwa a tsakar gidansa, yana lasar katangar ƙasa. Ya san abin da ruwa yake yi wa ginin ƙasa in ya daɗe a gindinsa. Ya ƙi waiwayawa. Aka kira azahar, ba wanda ya tsaya sai bi da bi. Tsoro ya ishe shi, har ya fara lissafin cewa da ya bar motar ta shigo, da yanzu ta daɗe da juyewa ta koma.

Wajen la'asar ruwan da ke fitowa ya fara yin garau, daga nan ya koma ɗigo, daga nan ya tsaya. Wani ya yi kabbara, mata suka rangaɗa guɗa tun daga nan har bakin turaku.

Guɗar ba ta gama sauka ba aka ji rugum! Ɗakin Bintu ne ya zauna. Katangar zaure ta bi shi, sai rumbu ya karkace a hankali ya kife, geron bara ya watsu a kan ruwa. Gidan da Fannami ya gina da hannunsa shekara talatin da suka wuce ya zama tudun laka, mutane suna tsaye a kan jinga suna salati.

Umara ya zo ya tsaya kusa da shi, jikinsa duk jar ƙasa. Ya dubi fuskar tsohon, ya sunkuyar da kai. Mai unguwa ya dafa kafaɗar Fannami ya ce Allah Ya mayar da alheri, unguwa za ta yi masa gayya da rani. Fannami ya gyaɗa kai kawai.

Ya hau sama inda Bintu take zaune a tsakanin tukwanenta da tabarma ɗaya jiƙaƙƙiya. Ba ta yi kuka ba, ita dai tana kallon inda ɗakinta yake a da. Ya zauna gefenta. Masu kekuna suna wucewa ta bayansu, kowa ya zo daidai su sai ya sauka ya tura.

Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Malam, tsakaninka da Allah, da motar nan ta shigo, da jingar ta fashe?"

Ya dubi ruwan.

"Ban sani ba, Bintu," ya ce. "Wallahi ban sani ba."