Farar Riga a Kan Igiya

Limbani ya matse farar rigar makarantar 'yarsa Tadala, ya shanya ta a igiya, ya daɗe yana gyara mata wuya kamar yarinyar tana ciki.

"Baban Tadala, har rigar da ba mai sawa kake wankewa?" in ji tsohuwa Nachisale, maƙwabciyarsa. "Gwauranci ya taɓa ka."

"Gwaji ne, Kaka."

Tun kafin damina matarsa Esnart ta tafi da Tadala wurin kakarta a garin Thyolo, bayan asma ta kwantar da yarinyar a asibiti. Likita ya ce hayaƙi ne. Hayaƙin kuwa na gidan burodin da ke gangaren unguwarsu ne a Ndirande. Limbani ya yi ta zarya hukumar gari har duba-gari ya zo, ya ce doka ita ce bututun hayaƙi ya zarce rufin da ke jikinsa da mita uku. Jiya aka ƙara masa tsawo, aka auna, aka ce ya cika.

Esnart dai ba ruwanta da awo. "Ka shanya farin abu da safe," ta ce masa a waya. "In ya wuni fari, ka zo ka ɗauke mu."

Ya wuni a kan keken ɗinkinsa a kasuwa yana ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan makaranta, hankalinsa na gida. Da yamma ya hau tudun da gidansa yake da sassarfa. Ya waiwaya: ga bututun, dogo, hayaƙinsa ya tsallake rufin gidajen da ke jikinsa tsaf. Sai dai bakinsa yanzu ya zo daidai da tagar Limbani, iska kuma tudu take hawa.

A kafaɗar rigar akwai ɗige-ɗige baƙaƙe, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ya hura. Ya sa yatsa, suka ja layi.

"Karkaɗe ta mana, ɗan nan, wa ya gani?" Nachisale ta ce ƙasa-ƙasa. "Gidan ya yi shiru da yawa. Ni ma na gaji da kallon fuskarka."

Waya ta yi ƙara. Tadala ce.

"Baba! Na haɗa kayana. Yau na yi gudu har rafi, ban tsaya ba ko sau ɗaya!"

Ya ƙara manna wayar a kunne. Haki take, amma babu fiton nan na asma da ya saba ji a ƙirjinta. Ya so ta yi ta haki haka yana saurare.

Esnart ta karɓa. "To, Baban Tadala, yaya rigar?"

Ya dubi layin da yatsansa ya bari. Ya dubi ƙofar ɗakin yarinyar, wanda ya share tun da safe.

"Ce mata ta kwance kayan. Ina nan zuwa ranar Asabar."

"Ɗaukar mu?"

"A'a," ya ce. "In ga gudun."