Sunan Yankan Magani

Sana'ata gyaran agogo ce. Shekara ashirin da huɗu ina zaune a rumfa ɗaya, da ɗan madubin aiki maƙale a ido, ina tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma idan aka ce in riƙe lokaci ba na kuskure. Da wannan na dogara ranar da zazzaɓi da mura suka kama 'yata.

Ita kaɗai gare ni, shekararta takwas. Sakan nake kiranta, don ba ta zama wuri ɗaya, kamar siririn hannun agogo. Mahaifiyarta ta rasu wata bakwai da suka wuce. Ta bar mana gwangwanin biskit cike da magunguna a saman kabad. Ita ce ta san aikin kowanne, ni launinsu kawai na sani. Ja na zazzaɓi, kore na mura.

Jan na nan kusan cike, kwanan watansa bai wuce ba. Koren ya ƙare, sai na kai kwalbar kantin magani na ce a ba ni irinta. Mai kantin bai tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa masa komai ba. A jikin kowace kwalba an rubuta a sha bayan awa shida. Na zauna na yi tunani irin na mai agogo: kada magani biyu su yi karo a cikin yarinya. Sai na raba musu lokaci. Ja ƙarfe shida, kore ƙarfe tara, ja sha biyu, kore ƙarfe uku. Duk wanda na ba ta sai in rubuta a ɗan littafin da nake rubuta agogunan mutane.

"Baba, kai ko ruwa za ka sha sai ka duba agogo," in ji Sakan, tana yamutsa fuska.

"Buɗe baki dai, sarkin surutu."

Daga safiyar Litinin har safiyar Alhamis ban tsallake ko ɗaya ba. Ranar Alhamis ɗin, bayan ta sha jan na ƙarfe shida, ta yi ta amai, tana dafe cikinta ta gefen dama. Surutun ya ɗauke. Na goya ta zuwa asibiti.

Likitan da ya duba ta yana da layi har bakin ƙofa. Ya tambayi abin da na ba ta, na ciro kwalbar jan daga aljihun dama, na ce bayan awa shida-shida, na ƙarshe ƙarfe shida na safe.

"Ba ka dai haɗa mata da wasu tarkace ba ko?" Ya yi tambayar yana rubutu.

Koren na aljihun hagu. Na ji nauyinsa a cinyata. Sai maganar yayar mahaifiyar Sakan ta faɗo mini, wadda ta faɗa a gaban mutane bayan rasuwar, cewa namiji ba ya iya riƙon yarinya shi kaɗai. Na ce wa kaina ai maganin mura ba tarkace ba ne.

"A'a, likita," na ce.

Aka ba mu gado na shida a ɗakin yara, kusa da taga. Kowane gado da mutanensa: uwa, kaka, ƙanwar uwa, kwanuka a jere a ƙasa, ana hira ana fifita. Gadonmu kujera ɗaya ce, ni ne a kai. Kafin ƙarfe goma mutum uku sun tambaye ni ina uwar yarinyar. Na farko na faɗa masa gaskiya, ya rasa inda zai sa idonsa. Sauran biyun na ce musu ba ta nan.

Nas ɗin ɗakin doguwa ce, ba ta da gaggawa, da ɗan agogo maƙale a ƙirjin rigarta. Kowa Sista yake ce mata. Ta ɗora Sakan a sikeli ta rubuta nauyinta.

"Ai an auna ta a waje," na ce.

"Na gani, Baba. Amma yaro ba a ba shi magani da ido, da nauyinsa ake lissafi. Gara in gani da kaina."

Da ba ni da abokin hira, sai na zuba mata ido tana tura teburinta mai taya daga gado zuwa gado. A kowane gado sai ta tambayi sunan yaron, ko da yanzu ta kira shi da shi. Ta duba abin da aka ɗaura masa a hannu, ta duba kati, ta karanta kwalba lokacin ɗauka, ta sake karantawa lokacin zubawa, ta kuma karantawa kafin ta mayar. Sannan ta dubi agogonta ta rubuta. Aikin ya burge ni, don ya yi kama da nawa.

"Sista, agogonki na baya da minti biyu," na ce da ta zo wucewa.

Ta dube shi, ta dube ni. "To, mun yi sa'a, an kwantar mana da mai gyara."

Sakan ta buɗe ido ɗaya. "Haka yake yi wa kowa. Har na bangon makarantarmu."

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata tsohuwa a gado na biyar ta tare ta. Ta ce maganin da ake ba jikarta ba shi ne wanda ta sani ba, nasu na gida kwalinsa shuɗi ne kuma sunansa daban.

"Shi ne, Kaka," in ji Sista. "Magani kamar mutum yake, yana da laƙabi yana da sunan yanka. Wannan ƙaton rubutun laƙabi ne, kowane kamfani da wanda yake sa wa nasa. Sunan yankan ga shi nan a ƙasa, ɗan ƙarami. Shi muke karantawa. Sai ki ga kwalba uku, riga daban-daban, ashe mutum ɗaya ne a ciki."

Tsohuwar ta yi dariya ta ce ashe har magani ya iya ɓad da kama. Ni ban yi dariya ba.

Na fita baranda, na tsaya inda rana ke faɗowa. Na ciro kwalaben biyu, na maƙala madubin aikina a ido. A ƙarƙashin babban sunan jan akwai doguwar kalma. Na bi ta harafi bayan harafi, farasitamol. Na juya koren. Kalmomi uku ne a jere, ƙanana kamar sawun tururuwa. Ta farkon ita ce dai wannan kalmar.

Na buɗe littafina na ƙirga layukan. Ashirin da biyar. Ni da nake ganin abin da idon kowa ba ya gani, kwana uku ina ɗura wa 'yata magani ɗaya duk bayan awa uku, kuma ko minti ɗaya ban makara ba.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Mutane na wucewa da kulolin abinci. Na ciro waya, na rasa wanda zan kira. Lambar mahaifiyar Sakan ce har yanzu a sama.

Da na koma, sha biyu ta wuce. Zazzaɓin ya sake tashi. Sista na tsaye a gadonmu, ta riga ta zuƙi magani a sirinjin da ake ɗura wa yara a baki.

"Yaya sunanki?" ta tambayi Sakan.

"Kin tambaya ɗazu."

"Zan kuma tambaya anjima. Faɗi."

Sakan ta faɗa. Sista ta duba hannunta da katin, sannan ta juyo gare ni. "Baba, na ƙarshe ƙarfe shida ko? Ban da shi, akwai wani abin da ta sha? Ko na tari ne, ko na mura, ko wanda maƙwabta suka bayar?"

Na sa hannu a aljihun hagu. Na ajiye koren a kan teburinta, na ɗora littafin a gefensa.

"Na yi wa likita ƙarya," na ce. "Sunan yankansu ɗaya."

Ta ɗauki kwalbar ta karanta. Ta buɗe littafin, ta bi layukan da yatsa har ƙasa. Na jira faɗa, faɗan bai zo ba. Ta mayar da sirinjin cikin faranti, ta tura shi can ƙarshen tebur.

"Da wane ma'auni ka ba ta?"

"Da ɗan kofin da ke kan murfin. Daidai layi na biyu."

"Kowane lokaci?"

"Kowane lokaci."

"Zauna kusa da ita. Kada a ba ta komai sai na dawo." Ta tafi da littafin, kuma a karon farko na ga tana sauri.

Aka ɗebi jini. Likita ya zo da kansa, ya ce maganin ya taɓa hantar, amma akwai makari, kuma za a fara sa mata a ƙarin ruwa nan take. Bai dube ni sosai ba, ni ma ban nemi ya dube ni ba. Sista ce ta ɗaura ruwan. Ta yi lissafi a takarda da nauyin Sakan, ta kira wata nas ta sake yi, sai da lissafinsu ya zo ɗaya sannan ta buɗe.

"Awa shidan nan da ake rubutawa hutun hanta ne, Baba," ta ce, idonta a kan ɗigon ruwan. "Ita ke aikin narkar da maganin. Kafin ta gama da wani ka aiko mata da wani."

"Ni na yi mata wannan."

"Kai ka yi. Kai ne kuma ka kawo littafin. Yawanci sai mu yi ta tambaya, a ce mana wai kamar sau uku, wai kamar jiya. Naka har da minti. Da shi likita ya san abin da zai yi."

Kwana biyu ina kan kujerar nan ina ƙirga ɗigo. Maƙwabtan gado suna miƙo mini abinci, ina godiya, ba na iya ci. A rana ta uku sakamakon jinin ya fara gyaruwa. Sakan ta tashi zaune, ta ce yunwa take ji, kuma ƙafarta ta soma kaɗawa a gefen gado.

"Baba, ka yi wanka kuwa? Ƙudaje ma sun bar gado na biyar sun dawo nan."

Sista ta ce in je gida in kawo mata kaya, za ta sa ido. Ta ciro agogonta ta miƙa mini. "Ka haɗa da wannan. Minti biyun nan sun hana ni sakat."

Gidan shiru, sai agogunan bango kowanne na tafiyarsa. Na sauko da gwangwanin biskit na zazzage shi a kan tebur, da niyyar in karanta kowace kwalba da madubi. Murfin ya faɗi a ƙasa ya kife. Ban taɓa juya shi ba sai ranar. A cikinsa akwai 'yar takarda manne, da rubutun mahaifiyar Sakan, irin nata mai karkata hagu: Ja da kore kada a haɗa, abu ɗaya ne.

Na daɗe a zaune da murfin a hannu. Daga baya na ɗauko alƙalami na kwafe maganar da manyan baƙaƙe a wajen gwangwanin, inda mutum irina zai gani. Sannan na gyara agogon Sista, na ninke rigunan Sakan guda biyu, na kulle ƙofa.