Sumar Ilikena

Tun ranar da aka sanar a coci cewa nas za ta zo awon manya, Ilikena ya daina aski. Ni na fara lura, don ni ce mai taimakon lafiya a ƙauyenmu, shi kuma tavale na ne, ɗan kawuna, wanda tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Mutumin da kullum kansa tal kamar ƙwallon kwakwa, sai ga shi da suma, yana taje ta sama da matajin katako irin na matanmu.

Na tare shi a hanyar gona. "Tavale, wannan sumar fa? Kaji za ka yi wa akurki?"

"Sanyi nake ji a ka," in ji shi.

Sanyi a Kadavu, tsibirinmu na ƙasar Fiji mai zafin nan, ku ji mini mutum. Na ƙyale shi, na je na ritsa matarsa Vasiti tana kankare kwakwa, ita ta fasa mini ƙwan. Ashe ya ga hoton nan na bangon asibiti, wanda ake bin nauyin mutum ta nan, tsawonsa ta can, inda suka haɗu a ga launi: kore, rawaya ko ja. Ya bi da yatsa ya ga shi a ja yake. Ya kuma gano cewa in tsawo ya ƙaru, sai mutum ya matsa wajen rawaya. A wurinmu kuwa ba a taɓa kan mutum, balle na magidanci. Lissafinsa shi ne katakon awo zai tsaya a saman gashi, ba mai ƙarfin halin danna shi.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Vasiti ba ta yi ba.

"Miliana, ƙafa yake tsoro," ta ce.

Nan take dariyar ta koma ciki. Kawuna, mahaifinsa, ciwon suga ne ya ci shi, aka yanke masa ƙafa a Suva, babban birni, kuma Ilikena ne ya riƙa goya shi daga kwalekwale zuwa gida har ya rasu. Tun daga lokacin ya saka a ransa cewa duk wanda ya faɗa ja, ƙafarsa ce ta gaba. Vasiti ta ce kullum da safe sai ya zauna ya dudduba tsakanin yatsunsa kafin ya sha shayi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don ƙato kamarsa bai iya buɗe baki ya tambaye ni ba.

Ranar awo zauren ƙauye ya cika tun da hantsi. Nas ɗin, Arieta, yarinya ce gajera 'yar tsibiran Lau, ga fara'a. Duk wanda ya hau sikeli sai mata sun yi masa shewa. Da aka kira Ilikena ya tako da sumarsa tsaye ƙyam, ta sha man kwakwa tana ƙyalli. Ya hau sikeli, wata tsohuwa daga baya ta ce a yi wa sikelin addu'a. Ya sauko ya jingina da bango, ni kuma katakon awo a hannuna.

Na ɗora shi a saman sumar. Arieta ta ɗaga kai ta dubi gashin, ta dubi mai gashin.

"Momo," ta ce, don haka ake kiran sa'an kawu, "ni ba zan taɓa kanka ba. In ka ce a rubuta haka, haka zan rubuta. Amma tsawon gashinka na auna, ba naka ba."

Na matsa kusa da kunnensa.

"Tavale, ka yi ƙaryar sanyi na ƙyale ka. Wannan kuma wa za ka cuta? Ƙafar taka ta iya karanta takarda ne?"

Can ya ce, a hankali, "Danna."

Na ce tulou, na nemi gafarar kansa kamar yadda ya kamata, na danna. Hannuna ya nutse har wuyan hannu kafin katako ya sami ƙwaryar kan. Wani ya ƙyalƙyale da dariya aka make shi. Arieta ta yi lissafinta, ta bi hoton da yatsa. Ja ne, kuma ba bakin ja ba, can ciki.

Ilikena ya zame ya zauna a ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba sai ranar jana'izar kawu.

Arieta ta durƙusa gabansa. "Momo, me kake yi da safe?"

"Gona."

"Gwazar fa, wa ke sauko da ita daga dutse?"

"Wa kuwa? Ni."

"Ka buga ƙwallon zari-ruga?"

Vasiti ta amsa a madadinsa. "Har haƙora biyu ya bar musu a fili."

"To ka ji," in ji Arieta. "Wannan lissafin nauyi da tsawo kawai ya sani. Bai san nama ba, bai san kitse ba, bai san ƙashi ba. Ka kawo mini 'yan zari-rugar tsibirin nan, yawancinsu ja zai nuna. Aikinsa ya ce mini in ƙara duba wane, shi ke nan. Ba ya yanke wa kowa hukunci. Ɗaga hannu."

Ta zagaya cikinsa da igiyar awo, sai da na riƙe mata gefe ɗaya na igiyar don hannunta bai kai ba. Ta ɗan buga tumbin da bayan yatsa.

"Kafaɗun nan nama ne. Wannan kuwa shayi ne da sukari da biskit, kada ka yi mini musu. Shi za mu rage."

"Cokali huɗu yake zubawa," in ji Vasiti.

"Wa ya tambaye ki?" in ji Ilikena.

Sai Arieta ta soki yatsarsa, ta ɗiga jinin a kan 'yar na'ura. Ƙaton nan ya rufe ido kamar yaro gaban mai allura. Ta sa ya miƙe ƙafafu, ta latsa nan ta latsa can, ta tambaye shi ko yana ji, ya ce har cakulkuli yake ji.

"Suganka lafiya lau," ta ce. "Saboda mahaifinka, duk shekara ka zo a duba. Ka zo da aski."

"Ƙafar fa?"

"Ƙafarka taka ce, Momo. Duka biyun."

Vasiti ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗauka da tafi, wata ta zazzage masa hodar jarirai a suma, kamar yadda muke yi in ana murna, har ta yi fari fat. Na ce, "Tavale, ga ka ka tsufa a yini ɗaya." Bai ma ji ni ba. Ya miƙe ya ratsa mutane ya fita, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba.

Na leƙa ta ƙofa na gan shi yana gudu, magidanci mai shekara hamsin, hoda na tashi a bayansa. Gidan mahaifiyarsa ya nufa, Nei Loata, wadda ta ƙi zuwa zauren ta ce ita ba za ta iya ji da kunnenta ba. Tana zaune bakin ƙofa tana saƙar tabarma. Ya zube gabanta yana haki, ya ɗora mata ƙafa ɗaya a cinya, ya ƙara ɗayar. Ban ji abin da ya faɗa ba, na dai ga ta ajiye saƙar ta riƙe ƙafafun da hannu biyu, ta daɗe a haka.

Sannan ta ɗaka masa duka a ƙwauri, muryarta har zaure: "Tashi ka je ka wanke su, ka ɓata mini tabarma."