Ranar da Baba Masinja Bai Zo Ba

Tun kafin a buɗe ƙofar kotu bencin baranda ya cika da masu laifi, kuma da ka gan su sai ka rantse layin asibiti ne. Ga mai facin da ya jingina taya a bakin titi. Ga tsohuwar da ta tari ruwan sama a duro ba ta nemi izini ba. Ga wani bawan Allah da akuyarsa ta yi kuka bayan lokacin da doka ta yarda akuya ta yi kuka. Motar 'yan sanda kuwa da ta sauke wasu sai ta juya, ko inji ba a kashewa.

Magatakarda yana kallonsu ta tagar ofishinsa. Shekara goma sha tara ke nan yana rubuta sunaye a Jan Littafi, inda duk wanda kotu ta samu da laifi yake shiga, ɓarawo ne ko mai akuya, layi ɗaya ake ba kowa. Bai taɓa ganin cika irin ta yau ba, kuma ya san dalili. Gobe sabuwar doka za ta fara aiki, wadda ta soke ƙananan laifuffuka sama da ɗari huɗu. Duk ƙarar da ba a yanke ba kafin kotu ta tashi yau, ta mutu ke nan. Wanda aka yanke wa kuwa sunansa ya zauna daram, don masu gyaran dokar ba su waiwayi baya ba. Shi ya sa 'yan sanda suka bazama tun da sassafe, kamar 'yan kasuwar da aka ce gobe za a rushe rumfunansu.

A ƙarshen bencin yayarsa ce zaune, jaka a cinya, baya a miƙe. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kama hannunsa ta koya masa riƙe fensir. Shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a makarantar firamare, saura biyu ta yi ritaya da mutuncinta. Jiya da hantsi aka same ta ta shanya wanki a barandar da ke kallon titi. Ƙa'idar aikinta kuwa ba ta da kwana-kwana: wanda sunansa ya shiga Jan Littafi ba ya sake tsayawa gaban ɗalibai.

Ya fito kamar mai neman wani abu, ya rage tsawo kusa da ita.

“Yaya, sau nawa na ce miki ki daina shanya a barandar nan?”

“To a ina zan shanya, Auta? A kaina?” Ta gyara zaman tabarau. “Zane biyu ne fa da ɗankwali.”

“Ki yi ƙasa da murya. Ba za a kira ki yau ba.”

“Me ka ƙulla?”

“Babu abin da na ƙulla.”

“Kana sosa ƙeya. Tun kana rarrafe in ka fara sosa ƙeya na san da magana.”

Ya sauke hannunsa, ya koma ofis.

Gaskiyarta, ya ƙulla. Kowace safiya shi ke jera fayilolin ƙara, ya ɗaure su da igiya, ya buga hatimi a kan ƙullin. Baba Masinja, tsohon da ya girmi fentin ginin kotun, shi ke kai su gaban alƙali. Baba yana fama da ciwon baya, ba ya iya ɗaga kaya zuwa saman dogon teburin alƙali. Sai ya rungumi tarin a ƙirji, in ya isa ya tura shi gaba, tarin ya kife, na sama ya koma ƙasa. Alƙali ya kwance igiya, ya riƙa ɗauka daga sama yana juya kowane fayil, bai taɓa tambaya ba. Shi kansa Baba bai san yana yi ba. Magatakarda kaɗai ya lura, kuma bai taɓa gaya wa ko matarsa ba.

Yau fayil ɗari da arba'in ne, alƙali kuwa komai ƙoƙarinsa ba ya wuce hamsin a wuni. Saboda haka magatakarda ya ɗora fayil ɗin Yaya a can sama, ya ɗaure, ya buga hatimi. Da zarar Baba ya kife tarin, ita ce ta ƙarshe. Za ta wuni a benci, ta gaji, ta yi masa faɗa, gobe ta koma ajinta. Har ya ji daɗi a ransa, ya ga yau dai dokar ta haɗu da wanda ya fi ta wayo.

Ƙarfe tara saura kwata Baba bai zo ba. Mutumin da ko ranar da aka cire masa haƙori sai da ya riga kowa zuwa. Magatakarda ya leƙa ɗakin shayi, ya leƙa bayan gini, ya dawo. Fankar sama tana ta ƙara, agogon bango yana ta tafiya. Ya fara shan jinin jikinsa.

Tara daidai kofur ɗin kotu ya turo ƙofa, wani ƙato mai yawan murmushi.

“Malam, an ce in ɗauki kayan.”

“Aikin Baba ne ai. Yanzu zai iso.”

“Ya iso mana. Duba can.”

Ya duba ta taga. A tsakiyar benci, tsakanin mai faci da mai akuya, ga Baba Masinja zaune, hula a hannu.

“Tsaba ya watsa wa tattabaru a tashar mota,” in ji kofur. “A gaban sajan 'yan sanda kuwa. Tsufa dai, sai a hankali.”

Ya sunkuya ya ɗaga tarin da hannu ɗaya, yadda ake ɗaukar burodi. Mai wannan ƙarfin ba ya kifar da komai. Magatakarda ya kai hannu kan igiyar.

“Dakata. Akwai abin da zan gyara a ciki.”

Kofur ya dubi hatimin, ya dube shi, ya kuma dubi fayil ɗin sama, inda sunan Yaya da na mahaifinsu suke a rubuce ɓaro-ɓaro.

“Bayan ka buga hatimi? Kai ka fi ni sanin ko sashe na nawa ne wannan.” Murmushin bai gushe ba. “Kuma in ban manta ba, ba ya cikin waɗanda aka soke.”

Kofur bai manta ba. Wata shida ne a gidan yari, da kora daga aiki. Magatakarda yana da 'ya'ya huɗu, ta farinsu ma Yaya ce ta koya mata karatu. Hannunsa yana kan igiyar, sai ya ji tsoro ya rufe shi, tsoro zalla, irin wanda ba a ba da labarinsa. Ya janye hannun.

Ita aka fara kira. Ta taso ta tsaya a gaban alƙali yadda take tsayawa a gaban allo. Magatakarda yana ƙaramin teburinsa a ƙasan na alƙali, Jan Littafi a buɗe, ya kasa ɗaga kai. Yana ta roƙon Allah a zuci ta musa, ko ta nemi lauya, ko ta ce ba ta da lafiya, a ɗage zuwa gobe.

“Kin shanya ko ba ki shanya ba?” in ji alƙali, murya a gajiye tun ba a je ko'ina ba.

“Na shanya, ranka ya daɗe.”

Alƙalin ba mugu ba ne. Ya dubi furfurarta, ya girgiza kai.

“Kotu ta same ki da laifi. Amma saboda shekarunki ta sallame ki da gargaɗi kawai. Je ki a rubuta ki, ki tafi gida, Mama.”

Ya faɗe shi da sassauci, da alamar mutumin da ya fara ranarsa da aikin alheri.

Ta tako zuwa teburin ƙanenta. Ya ɗauki biro. Ya rubuta lamba, ya rubuta kwanan wata. Da ya zo kan suna, sunan da ya fara iya rubutawa kafin nasa, sai rubutun ya soma gangarowa ƙasa da layi.

“Yaya,” ya ce, ko leɓensa bai motsa sosai ba, “ni na sa ki a sama.”

Ta dube shi ta saman tabarau. Ba ta tambaye shi dalili ba. A waje motar 'yan sandan ta sake tsayawa, ana jin ƙarar buɗe bayanta.

“Miƙar da layin, Auta,” ta ce a hankali. “Ba haka na koya maka ba.”

Ya miƙar da layin. Ta karɓi biron ta sa hannu, ta mayar masa da murfinsa a rufe. Kofur ya kira suna na biyu.