Ina Gajiya, Baban Asher?

Tun shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa Gershon ya daina zama Gershon. Mutumin da ke jan waƙa a coci har a jiyo shi daga bakin rafi, sai ga shi wata huɗu yana kwance yana kallon bango. Ba gona, ba wanka, tuwo ma sai matarsa Yemima ta tsaya a kansa.

Me ba ta yi ba? Mai kemis na Kwoi ya ba da maganin taifot har sau uku. Fasto ya zo, zumuntar mata sun cika tsakar gida da addu'a. Kowa ya ce "Yaya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi," su tafi da murna. Wane sauƙi, jama'a! Ita ce ta taɓa tarar da shi zaune a gindin rumbu, riƙe da robar maganin ciyawa, ya zuba mata ido. Daga ranar take yawo da robar a cikin jakarta, har coci. Tsoro ya hana ta gaya wa kowa. Shi kuwa ya rantse ba mai kai shi birni a ce da shi mahaukaci.

Ranar rigakafi Yemima ta je ƙaramin asibitin ƙauyen nemo wa mijinta maganin ƙarin jini. Mai aikin ranar Nana Khadija ce, ma'aikaciyar lafiya, 'yar 'yan kasuwar citta ta Kachia, mai zuwa a kan babur kowace Alhamis. Siririya ce, amma akwai naci kamar ƙuda. Ta yi ta tambaya: yana barci? Yana dariya? Tun yaushe? Tana sallamar matan da ke layi ta kulle ƙofa.

"Mama, mu je in gan shi."

Ta same shi a kan tabarma, ta tuɓe takalmi ta zauna a ƙasa.

"Baba, ina gajiya?"

"Ba gajiya," ya ce, ko juyowa bai yi ba.

"A'a, Baba, ba gaishe ka nake ba. Tambaya nake. Ina gajiyar take? A ƙafa, ko a nan?" Ta dafa ƙirjinta.

Kai! Shekara sittin ana yi masa wannan gaisuwar, ba wanda ya taɓa tsayawa jin amsa. Ya juyo a hankali ya dube ta. Ita kuwa ta ci gaba da jiran amsarsa, ba ta taya shi ba, har Yemima ta fara jin kunya.

"A nan," ya ce. "Na gaji, 'yata. Na gaji da wayewar gari."

"Ka taɓa tunanin kashe kanka?"

Yemima ta dafe kai. "Sista! Ana faɗin haka?"

"Ana faɗi, Mama. Baba, ka taɓa?"

"Kullum," in ji Gershon.

Yemima ta zaro robar daga jaka. Nana Khadija ta karɓa ta saka a tata jakar, ta ce, "Kin yi ƙoƙari, Mama, amma kin ɗauka ke kaɗai ya isa haka." Sannan ta fita, ta haye kan suri inda waya ke samun sabis, tana ɗaga murya tana yi wa wani likita a Kafanchan bayani. Wallahi ko 'yar cikinsa iyakar abin da za ta yi ke nan.

Ta dawo ta ce, "Baba, abin nan yana da suna, ciwon damuwa."

"Damuwa?" Yemima ta yi caraf. "Ai ba ya damun kowa, Sista. Shiru ne kawai."

Nana Khadija ta yi dariya. "Shi ne ake damu, Mama. Ciwo ne kamar hawan jini, ba hauka ba ne, kuma yana da magani. Gobe da safe likita zai gan shi, ni zan raka ku. Bayan nan maganin zai riƙa zuwa nan, kuma duk Alhamis zan zauna mu yi hira. Ba ya warkewa rana ɗaya, kada in yi maka ƙarya. Yau kada a bar shi shi kaɗai."

Gershon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya dubi matarsa.

"Maman Asher, ashe ciwo ne. Ni na ɗauka Ubangiji ne ya yashe ni."

Sai hawaye suka zubo mata.

"To, ki daina kuka," ya ce. "Ɗora mini ruwan wanka. Ba zan je gaban likita haka ba."