Ƙafar Sarkin Ɓeraye

"Ja mana, Tela, ai ba ƙwai ba ne."

Tela ya ja. Takalmin robar ya fito da ƙyar, wari ya biyo bayansa, irin wanda ke sa mutum ya ajiye kunya ya toshe hanci. Safar ta manne da tafin ƙafar. Da ya girgiza takalmin sai ga wata 'yar ƙusa ta faɗo kan simintin baranda.

"Tun yaushe wannan take ciki?"

"Oho. Ni dai ban ji komai ba."

Har da murmushi ya faɗa, kamar wanda aka yaba wa. Wannan murmushin ne ya fi ƙona wa Tela rai game da maƙwabcinsa. Katanga ɗaya ta raba gidajensu tun yaransu na rarrafe, kuma duk layin ba mai kiran mutumin sai da Sarkin Ɓeraye, saboda aikinsa a wani ɗakin bincike. A can ake kiwon fararen ɓeraye, a yi musu allurar da ke sa ciwon suga, sannan a zuba ido a ga yadda ciwon ke cin ido da ƙoda da jijiya. Shi ke auna musu abinci, shi ke share keji, shi ke tsira musu wutsiya ya ɗiga jini a na'ura. Shi ɗin ma, ikon Allah, ciwon ya daɗe da kama shi.

"Tashi mu tafi asibiti," in ji Tela.

"Sai an kammala gwajin nan."

"Wane gwaji kuma?"

"Ba za ka gane ba. Ɓera in baƙon hannu ya taɓa shi firgita yake yi, suga ya hau, duk abin da aka auna ya zama ƙarya. Aikin shugabarmu Dakta na wata da watanni sai ya tashi a banza. Hannuna kaɗai suka sani."

"Ita ƙafar taka hannun wa ta sani?"

Sarki ya sa yatsa ya ja fatar idonsa ƙasa. "Duba nan. Ka ga yana? Babu. Na ga ɓeraye ba iyaka da ciwon nan. Ido ke fara yin fari, sannan sauran su biyo baya. Muddin idona garau yake, da sauran lokaci."

"Ka taɓa ganin ɓeran da ke yini a tsaye cikin takalmin roba?"

Matar Sarki ta leƙo daga ƙofar kicin da ludayi a hannu. "Ƙyale shi, Tela. Ni na yi magana har bakina ya gaji. Da ni ɓera ce da tuni maigidan nan ya saurare ni."

Tela bai ƙyale shi ba, don ba ya cikin masu iya ƙyalewa. Kullum da yamma sai ya rufe keken ɗinkinsa, ya tsallako da ruwan ɗumi da farin ƙyalle da ya tafasa, yana wanke ciwon yana faɗa. Ya ɗinka masa wani takalmi mai laushi na yadi da soso. Sarki ya yi godiya, ya sa shi har bakin ƙofar aiki, a can ya cire ya koma na roba, wai doka ce. Tela ya yi lallashi, ya yi gatse, ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, fushin bai kai ko'ina ba ya dawo da tasarsa. Da ya ce zai je ya sanar da Dakta, sai fuskar Sarki ta canza.

"In ka je, hutu za ta ba ni, a kawo wani. Ka yi haka, ni da kai sai gaisuwar hanya."

Tela ya haɗiye maganar. Ya san mutumin, in ya kafe ko jaki sai ya sara masa.

Wata safiya matar Sarki ta buga masa ƙofa, mayafinta a karkace. Sarki na kwance yana rawar ɗari, jikinsa kamar garwashi, ƙafar ta yi baƙi har ƙwauri. A asibiti likita ya ɗaga zanen ya mayar, ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma ko da hakan yana tsoron dafin ya riga ya shiga jini. Ya tambayi me suke jira tuntuni.

Ana tura gadon zuwa ɗakin tiyata, Sarki ya kamo hannun rigar Tela.

"Ka ce wa Dakta, na kejin ƙarshe ba ya son a ɗaga shi ta wutsiya. A tafin hannu ake ɗora shi."

"Ba zan faɗa ba. Ka tashi ka faɗa da bakinka."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. An yanke ƙafar, zazzaɓin bai sauka ba, Sarki bai sake gane kowa ba har rai ya yi halinsa. Idonsa kuwa garau, ba ko ɗigon yana.

Bayan masu zaman makoki sun watse, Tela ya sa hula ya nufi ɗakin binciken, yana tafe yana tsaki. Dakta ta fito ta same shi a baranda, wata 'yar siririyar mata mai tabarau. Ta yi masa gaisuwa.

"Ce mini ya yi wai targaɗe ne, Baba. Da na sani da ni da kaina zan kai shi."

"To, gwajin ya lalace ko?"

So yake ta ce e. Wallahi so yake ta ce komai ya rushe, ko ya samu abin da zai riƙe.

Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "A'a. Ɓerayen sun ɗan firgita da farko, sai suka saba da wadda ta karɓe shi. Ba su da wuyar sabo."

Ta kai shi gaban wata taga ta gilashi. A ciki kejina ne jere, da wata mata cikin farar riga a can ƙarshen layin. Tela ya buɗe baki zai isar da saƙon, sai ya rufe. Ɓeran kejin ƙarshe na zaune lafiya lau a tafin hannunta, yana wanke fuska da 'yan ƙafafunsa na gaba.